Gonar da ke Bayan Soja

Daminar da aka tura yayana aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, gonar masararsa da ke ƙauyenmu kusa da Malumfashi ta dawo wuyana. Ni kuwa malamin makaranta ne, tsakanina da fartanya sai gaisuwa. Ciyawa ta fara cin ƙarfin masarar, ita ce kuma abincin matarsa da 'ya'yansa na shekara. Dole na je majalisar sarkin noma roƙon gayya.

Ko kallona tsohon bai yi ba. "Malam, mu nan ɓarayin daji sun kore mana shanu, shi yana can yana gadin mutanen da ko sunan garinsu ba mu iya faɗi ba. Su zo su nome masa mana."

Raina ya ɓaci ƙwarai, duk da ni ma na sha yin wannan tunanin. Na dai zaro waya na nuna masa hoton da yayan ya turo: yana tsaye da shuɗiyar hula, bayansa wata mata duƙe a gona.

Tsohon ya kai wayar dab da ido, ya sa babban yatsa ya rufe sojan ruf.

"Wannan dawa ce? Kaura ko farfara?"

Kafin in ankara 'yan majalisa sun yi masa rumfa, suna ta jefo tambayoyi. Ashe su ma suna shuka dawa? Me ya sa babu kunya, ba sa huɗa ne? Tuwo suke yi da ita ko me? Mamaki ya kama ni. Na sha kallon hoton nan, ban taɓa ganin gonar ba.

Can tsohon ya dungura wasu jajayen furanni a gindin dawar. "Wuta-wuta ce wannan, mai kashe dawa! Ta bari har ta yi fure? Ina mijinta?"

"Baba, yayana ya ce mazan ƙauyen kusan duk an kashe su. Matan ma ba sa iya fita gona sai sojoji sun raka su."

Tsohon ya daɗe riƙe da wayar kafin ya miƙo mini.

"Ka ce masa ya gaya mata ta tumɓuke ta ƙone kafin ta zubar da iri. Shi kuma kada ya gusa daga wurin sai ta gama. Matar yayan naka kuma ta dama fura ranar Asabar, muna tafe gayya."