Kukan da Na Koya a Bayan Rumbu

Jiya ina wucewa ta bayan wata firamare sai na ji ana jan bencina a kan siminti, ƙiiii, nan take gabana ya faɗi. Haka muke jan su mu haɗa dandamali a ajinmu na shida a Maigatari, kullum da la'asar, muna gwajin wasan kwaikwayon da za mu yi ranar yaye ɗalibai.

Ni aka zaɓa in fito a matar da mijinta ya rasu a hanyar fatauci. Kada ka so ka ga yadda na riƙa ɗaga kai, don mu huɗu muka nema. Matsalar ɗaya ce, ban iya kuka ba. Da wanda ya fito a maƙwabci ya shigo ya ce "sai haƙuri", sai in kalli gemun audugar da aka manna masa in ƙyalƙyale da dariya. Malamin Hausa ya gaji, ya buga littafi a tebur ya ce, "Ke, wannan ai kukan mage ne! Kwana uku na ba ki, in ba ki iya ba in ba wata."

To, a daidai kwanakin nan babana, direban babbar mota, ya kusa mako biyu da tsallaka iyaka da kaya zuwa Agadas, alhali bai saba wuce mako guda ba. Damina ce, kuma wayar hannu ba ta zo mana ba tukuna. Inna in ta ji ƙugin mota sai ta tsaya da daka ta kasa kunne. Kaka kuwa, da yake shi ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma tambayar kowa, sai dai jan carbi. Ni hankalina duk yana kan kada a ƙwace mini wasana.

Washegari bayan azahar na zaga bayan rumbu, kusa da turken awaki, inda ƙasa ke ƙamshin ruwan jiya. Na yane kaina da tsohon mayafin Inna, na ɗora hannu a ka, na kurma ihu iyakar ƙarfina: "Wayyo Allah na! Ya tafi ya bar mu! Hanya ta cinye mana shi!"

Har na ji daɗi, na ce yau kam na iya. Sai na ji taɓarya ta faɗi, Inna ta saka salati. Kafin in fito matan maƙwabta sun fara shigowa suna innalillahi, wani dattijo har ya soma shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ga Kaka ta taho tana dafa bango. Ta tsaya a gabana ta ce, "Wa ya kawo labarin?" Sannan ta kira sunan babana, sau biyu, a gaban kowa.

Da ƙyar na ce, "Kaka, wasa ne. Na makaranta."

Inna ta ɗaga hannu za ta kwaɗa mini mari, Kaka ta ce, "Bar ta." Ta dube ni ta ce, "Ubanki yana kan hanya, shi ne kike yi masa wannan fatan da bakinki?" Wallahi da dukan aka yi mini da ya fi sauƙi.

Washegari da la'asar aka ja bencina, mai gemun auduga ya shigo ya ce "sai haƙuri". Kaka kawai na hango a zuciyata tana dafa bango. Kuka ya ƙwace mini, na gaske, har da shessheƙa. Malam ya tafa ya ce, "Yauwa! Haka nake so!" Ni kuwa na riga na sa wa raina in Baba bai dawo ba, bakina ne ya jawo. Na cire mayafin na ajiye na ce ba zan ƙara yi ba. Malam ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce saura kwana biyar zan watsa masa aiki. Na kafe. Aka ba wata, na kuma ji haushi, ba zan ɓoye maka ba.

Kwana uku na yi ba na iya cin tuwo. A na huɗun Baba ya yi sallama, ya rame, duk taɓo a ƙafar wandonsa. Ashe ruwa ne ya yanke hanya, mota ta kafe. Da aka ba shi labari dariya ya yi har da riƙe ciki. Kaka ba ta fito ba. Daga bayan labule ta ce, "An dawo?" Shi ke nan.

Yanzu direba kafin ya kai Damagaram ya kira gida sau uku, iyaye mata kuma suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Ni a duk zamana da Kaka, ranar nan kaɗai na ji sunan ɗanta a bakinta, kuma ni na tsorata ta har ta faɗa. Kullum ina cewa zan nemi gafararta, nauyi ya hana ni, har Allah ya karɓi abarsa.