Babur ɗin Ruwan Lyle Petherick

Lyle Petherick mutum ne da ba ka zama kusa da shi ka tashi ba ka yi susa ba. Ƙurar faiba, zaren gilashin nan da ake ƙera jikin jirgin ruwa da shi, ta kama masa gashin hannu da wuyan riga, har kujerar a-kori-kurarsa. Ni dai na saba. Tun muna firamare muke tare. Shi ya koya mini ninkaya a bakin kogi, ni na tsaya masa ranar aurensa, ni kuma na taya shi kwashe kaya ranar da auren ya mutu.

Babansa kamun jatan lande yake yi. Lyle ya bi jirgin tsohon har aka sayar da shi, sannan ya shiga wata rumfar ƙera ƙananan jiragen ruwa, a nan ya koyi aikin faiba. Da rumfar ta rufe sai ya koma garejin bayan gidan yayarsa Noeline. Daidai lokacin nan ne baburan ruwa suka cika garinmu. 'Yan kulob ɗin hawan igiyar ruwa suna jan junansu da su zuwa manyan igiyoyi, kuma babu hanyar fita teku sai ta bakin kogi, inda ruwa ke ɗaga babur ya maka shi ƙasa. A kwana a tashi ƙirjin babur ya tsage ta ƙarƙashin inji. Sai a jawo shi garejin Lyle.

Na sha zama a kan bokiti ina kallonsa. Sai ya cire inji, ya wanke maiƙon ciki tas, ya bi wurin da sanfefa har ƙyallin ya mutu. Ya yanka ƙyallen faiba, ƙarami da babba. Ya auna gam ɗin efoksi da mahaɗinsa, ya gauraya a hankali kamar mai haɗa wa jariri madara. Ya shafa, ya shimfiɗa ƙyalle, ya dinga danna shi da burushi har ya jiƙe kana hango abin da ke ƙasansa, sannan ya kori kumfar iska da 'yar rola. Daga ƙarshe ya yi wa ƙirjin haƙarƙari biyu daga ciki. In ka ce ya yi sauri, sai ya miƙo maka burushin.

Kun san sunan da 'yan kulob suka sa masa? Ƙaiƙayi. Ranar gashin nama za ka gan shi can jikin shinge da gwangwanin giyarsa, su kuma suna tsakiya suna ba da labarin igiyar da suka hau a kan baburan da ya ɗinke. Bangon kulob cike yake da hotuna, har na karen wani akwai. Babu na Lyle. Shi bai taɓa damuwa ba. Ni nake damuwa a madadinsa.

Huhu ne ya ci shi. Yana saurayi ba ya sa takunkumi, babu mai sawa a zamanin. Kafin ya kwanta ya riga ya cire injin nasa babur ɗin, wani tsoho ruwan ɗorawa da rana ta koɗar, shi ma ƙirjinsa a tsage, ya goge cikinsa, ƙarfinsa ya ƙare a nan. A asibiti ya kama hannuna ya ce, "Col, in sun ƙone ni, ka kai ni bayan dutse, can cikin teku gaba da bakin kogi, a kan nawa. Kar ka bari a ɗora ni a kan babur ɗin nan na Brock mai ƙyalli kamar madubi."

"Rufe mana baki, tsohon banza," na ce. "Kai za ka gama abinka."

Bai gama ba.

Brock Hanlon shi ne shugaban kulob. Ya zo wa Noeline gaisuwa da tabarau a saman goshi, ya rungume ta kamar uwarsa, alhali bai taɓa wuce ƙofar gareji ba. Ya ce kulob zai yi wa Lyle da'ira ranar Asabar. Haka ake yi wa namu in ya mutu: kowa ya fita teku kan allonsa na hawan igiya, a zagaye a riƙe hannu, a watsa furanni da toka. Har mai ɗaukar hoto ya samo.

Noeline ta ce, "Tokar ƙanena a kan babur ɗinsa za ta fita."

"An gama, Yaya," in ji shi. "Mu za mu ƙarasa masa aikin. Ai namu ne."

Ina wurin aiki a injin rake suka zo. Da na dawo da la'asar na tarar da su a tsakar gida suna buɗe giya, suna buga kafaɗar juna. Warin da ya tare ni daga bakin ƙofa ya gaya mini komai. Kowane mai hawan igiya yana da guntun gwangwanin gam na facin allo a gida, shi suka kwaso suka malala. Wannan gam ba ya kama ƙirjin babur. Babu ɗaya cikinsu da Lyle bai faɗa wa haka ba, wasu har ya gaji da faɗa. Kunnensu yana kan wayarsu. Amma sun tuna sun manna wa gaban babur ɗin tambarin kulob.

Na sa farce a gefen facin na ja. Ya taso gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba. Na fito da shi na ajiye wa Brock a kan teburi.

"Haba mutumina," ya ce, "ai bai gama bushewa ba ne."

"Ko shekara ya yi haka zai taso."

"To mene ne? Cikin lungun tekun nan na bakin yashi za mu yi, ruwa kwance. Ya dai yi iyo na ɗan lokaci."

"Bayan dutse ya ce."

Ya yi dariya, ya dubi mutanensa. "Bayan dutse? Col, wa zai gan mu a can?"

Noeline ce ta amsa masa. Ta ɗauke akwatin ƙanƙararsu ta dire a bakin titi, ta tsaya riƙe da ƙyauren. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, wani har yana cewa ta ajiye masa burushinsa.

Ni da ita muka sake aikin. Ni ba gwani ba ne, kallo kawai na sha. Muka kankare ƙazantarsu, muka goge har hannuwanmu suka yi ja. Ita ke auna gam da tabaraunta a kan hanci, ni ina shimfiɗa ƙyalle. Wani wurin kumfa ta shiga, na tsage na sake. Ga sanyin hunturu, gam ya ƙi saurin kamawa. Asabar ta zo yana nan da ɗan laushi in ka danna farce.

Suka yi da'irarsu babu toka. Na tsaya a kan yashi ina kallo. An watsa furanni, an yi ihu, mai hoto ya yi aikinsa. Brock ya yi jawabi mai tsawo, rabinsa a kan wata igiya da shi kansa ya hau. Da suka fito, wani ya dafa ni da jiƙaƙƙen hannu, fuskarsa cike da jimami, ya ce, "Gaskiya mun yi rashi. Yanzu wa zai dinga yi mana gyara?"

Sai a mako na gaba gam ya yi tauri. Na mayar da inji, muka ja babur ɗin zuwa gangaren shiga kogi da safe. Noeline ta haura saba'in, ba ta taɓa hawa ba. Ta sa rigar kariya, ta cusa tulun tokar a ciki wajen ƙirjinta, ta riƙe ƙuguna.

Bakin kogi bai yi mana sauƙi ba. Igiyar farko ta ɗaga mu ta sake, muka faɗo da ƙarar da na ji har haƙorana. Noeline ta ɗura wani ashar da ban san ta iya ba. Ta biyu ta fi ta farko. Ni kunnena yana ƙarƙashin kujera, ina jiran in ji ƙas. Idan ya tsage a nan, ga tsohuwa ga toka, babu kowa kusa.

Muka wuce dutsen. Na kashe inji. Ta matsa baya, na ɗaga kujera na zura hannu can ƙasan inji, na shafa haƙarƙarin da muka yi, na shafa tsakaninsu. Na fito da hannun na nuna mata. A bushe yake.

A nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi a asibiti ba. Ta bar ni na yi. Sannan ta zuge rigarta ta fito da tulun.

"Riƙe ni da kyau, Col," ta ce. "Zan sunkuya."