Babin da Malama Tie Ta Bar Mini

Ranar Talata, 9 ga Afrilu, ina shan shayin safe 'yarki Xiaomei ta kira ni ta ce Allah Ya yi miki rasuwa a asibiti a nan Lanzhou. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, Malama Tie Wenjuan. In zauna in tashi, in gangara bakin kogi in dawo.

Duk wanda ya san mu ya san rigimarmu. Littafi ɗaya muke ƙauna, labarin tsohuwar nan mai fiton mutane a kwale-kwalen da ake haɗawa da salkunan fata da aka hura wa iska, wadda ɗanta ya sayar da gonarta. Ni na fara mayar da shi Turanci. Kamfanin da zai buga ya ce ƙarshen ya yi ɗaci, ni kuwa na biye musu, na sa uwar ta yafe wa ɗanta, alhali marigayi marubucin ya bar ta ta mutu ko kallon ɗan ba ta yi ba. Kika rubuta a jarida cewa na yi wa mamaci ƙarya. A wani taro a jami'a kika nuna ni da yatsa kika ce, "Kai Ha Zhenguo, yaushe aka naɗa ka liman da kake rabon gafara?" Aka yi ta dariya. Shekara goma sha ɗaya ban gaishe ki ba.

Amma da aka yi mini aikin ido, ke ce kika hau bene hawa biyar da sandarki, riƙe da kwanon taliya da romon naman shanu. Kika ce, "Ci, tsoho. Fassararka dai har gobe ba ta yi ba." Wata guda kina zuwa kina karanta mini wasiƙuna, ba ki taɓa tambayar dalilin gabar da na yi da ke ba.

Bayan jana'iza Xiaomei ta kawo mini fassarar littafin da ke ma kike yi, saura babin ƙarshe, da 'yar takarda da hannunki: "Ka ƙarasa shi yadda aka rubuta shi." Yau kwana tara ina fama. In rubuta in yage. Ban taɓa buɗe baki na ce miki ke ce mai gaskiya ba, wannan shi ke cin raina.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Xiaomei, da ƙanenki Tie Wenhai, da ɗalibanki. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta. Ni ma ku sa ni a addu'a, aikin nan ya yi mini nauyi.