Wutar da Ba Ta Hayaƙi a Ɗakin Jego

Shekara arba'in Inna Mero, ƙanwar mahaifiyata, tana yi wa matan Fagam wankan jego. Dokarta ɗaya ce: kada sanyi ya shiga maijego. Ko kaza ce ta ɗaga mata labule sai ta ji sunan kakanninta.

Da 'yata Hapsatu ta zo gida haihuwar fari, itace ya yi tsada, sai na yi gwaninta na sayo murhun gas daga Birnin Kudu. Inna ta zagaya shi sau biyu.

"Yunusa, wannan abin ba ya hayaƙi?"

"Ko kaɗan, Inna."

"To ɗaki zai shiga. Da ma hayaƙi ne ke koro ni tsakar gida."

Rana ta uku da la'asar ta toshe taga da buhu, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ta ɗora ƙatuwar tukunya cike da ruwan rijiya, ta kunna. Hapsatu na ciki tana jira ya tafasa. Jaririyar, Allah ya taimaka, tana waje a hannun matata.

Shirun ne ya tsorata ni. Inna ba ta taɓa cika minti biyar ba ta yi faɗa ba.

Na ƙwanƙwasa. "Inna, yau an yi sulhu ne?"

Ba amsa. Uba ba ya leƙa ɗakin wankan 'yarsa, balle ta fari, don haka na tsaya ina jin kunya. Tsayuwar nan har yau tana hana ni sukuni. Sannan na banke ƙofar.

Wutar ta yi jajawur tana lasar gindin tukunya. Hapsatu ta zube jikin bango, kanta a langaɓe. Inna na rarrafe, hannunta a kan tsumman ƙofa. Ban sani ba ko cire shi za ta yi ko ƙara cusawa.

A asibiti likita ya ce wutar gas, musamman farkon kunnawa da tukunya mai sanyi a kanta, tana fitar da iskar guba marar wari. Hapsatu sai washegari ta gane fuskata.

Inna na nan tana sana'arta, amma ta sa an cire ƙyauren ɗakin gaba ɗaya. Tana dafa ruwan a tsakar gida, kuma duk bayan minti ɗaya sai ta kira sunan maijegon. In amsa ta yi jinkiri, sai ta yar da ludayin da ke hannunta ta ruga ɗakin.