Hancin Kakata

Duk yamma idan na karɓi ɗana, kafin in dubi fuskarsa sai na sunkuya na sansana kansa. Kada ki yi mini dariya, wurin kakata na gada.

A Zongo na taso, gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Uwata tana sayar da atamfa a kasuwa, tun sassafe take fita, ta bar ƙanena jariri wurin wata maƙwabciya. Kakata ta tsufa, bayanta ya daina ɗaukar goyo, idonta ma ya yi hazo, amma hancinta ba ya kuskure. Da la'asar in an dawo da yaron, sai ta ɗora shi a cinya ta cusa hanci cikin gashinsa. In ta ji gumin mace da hayaƙin murhu, shi ke nan, hankalinta ya kwanta. Wata rana da damina, ruwa ya cika lungu muna ta kamun kwaɗi, ta sansana shi ta ɗago kai.

"Warin tabarma yake yi," ta ce wa uwata. "Ba a goya yaron nan ba yau, kwance ya wuni."

Uwata ta ce ai matar ga tsabta ga salla a kan lokaci. Kakata ta ce ita ba liman take nema wa jikanta ba, baya take nema. Washegari aka mayar da shi wurin wata mai tuyar ƙosai, ya riƙa dawowa yana warin mai. Ni a lokacin rigimar tsufa kawai na ɗauki abin.

Yanzu kakata ta rasu, uwata ta bi ta, gidan ma an rushe shi an yi shaguna. Ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Ganhi, kuma da hutun haihuwata ya ƙare aka ce in dawo ko a ba wata kujerar. Na hau zemijan, babur ɗin haya, na zaga Zongo lungu-lungu ina neman mai goyo, amma kowace mace da tata kasuwar. Dole na kai ɗana garderi a unguwar Agla, gidan reno fes, bango duk zanen giwaye. Da yamma na sansana shi, sai warin sabulun goge ƙasa da robar katifa. Muryarsa ta dishe, gashin ƙeyarsa ya fara zubewa. A biro nono ya jiƙa mini riga, in shige banɗaki in yi kukana. Tsoro nake ji, wallahi, ban san inda zan sa kaina ba.

A kasuwar Saint-Michel na haɗu da wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, jikanta na barci a bayanta. Ba ta jin Hausa. Na miƙa mata ɗana ina roƙo da guntun yarenta da na iya, ta dube ni ta dube shi, ta jawo wani zanen ta goya shi. Ran nan ya dawo yana ƙarnin kifi har cikin kunne. Mijina ya toshe hanci, ni kuwa na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Jiya ta gaya mini 'ya'yanta za su mayar da ita ƙauye ƙarshen wata, bayanta ya gaji. Gidajen reno masu tsabta sun cika gari, bayan ne ya yi wuya, kuma ban san inda zan kai yaron nan ba. Yau da na karɓe shi na daɗe hancina a kansa, har tsohuwar ta taɓa kafaɗata ta tambaye ni ko lafiya.