Kwamfutar Hamidu Ba Ta Gulma

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ƙungiyar manoma na ƙauyenmu, nan kusa da Wad Haddad, ya san ƙarar nan: tak, tak, tak. Hamidu ne, taubashina, yake danna maɓallin kibiyar sama na kwamfuta. Kwamfutarsa ba hoto ba ado, baƙin allo ne da ake rubuta wa umarni, da ita yake tura wa manoma saƙon waya ranar da ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, zai iso hawashar kowa, wato gonarsa. Injin yana ajiye umarnin da aka taɓa ba shi, kibiyar ce ke dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Hamidu sai ya yi ta danna ta har kofinsa na gahawar jabana ya huce, don kada ya sake rubuta kalma biyu.

Na ce, "Ya zol, kai mutumin nan, rubuta mana mu tafi!"

Ya ce, "In sake rubuta abin da na riga na rubuta? Yatsuna na hukuma ne?"

Yau ni aka bar wa injin nan, ni da ban iya ƙirƙirar umarni ko ɗaya ba. Abin da Hamidu ya koya mini shi ne neman nasa: in rubuta farkon kalma, dawa ko auduga, in danna kibiya, layin ya fito da dogon jelarsa ta lambobi. Ran da layi ya ɓace, saƙon ruwan wannan shukar ya ɓace ke nan.

A kan neman nan yana da dokoki kamar alƙali. Injin ya fara da na jiya ya koma baya. Ya duba farkon layi, ba tsakiya ba. In ya samo, ya nuna maka ya tsaya, sai ka ce tafi. Ɗan yayarsa Mu'azu ya zo hutu daga Hasahisa, ya ga wannan duk tsohon yayi ne, ya gyara a ɓoye: injin ya riƙa cafko kalma ko'ina take a layi, da ka taɓa kuma ya zartar. Hamidu ya zo zai sanar da ruwan Asabar, ya rubuta asabar ya danna. Ashe abin da injin ya cafko gayyatar sunan 'yarsa ce ta bara: kowa ya zo gidan Hamidu ranar Asabar, akwai wainar kisra da nama.

Kai, jama'a! Ku da kuka zo kun san kanku. Har da waɗanda suka san yarinyar ta fara tafiya. Hamidu ya tsaya a ƙofa yana rantsuwa kuskure ne, liman ya ce, "To, tunda dai an taru." Akuya ɗaya tilo gare shi, ita ta biya.

Da Mu'azu ya zo ba da haƙuri, ya ce, "Kawu, ai wanga ya fi sauri."

"Tamam. Sauri ya yi, har ya riga ni cikin garke."

Rowar Hamidu ba ta tsaya a yatsu ba. Ya ƙayyade wa injin layukan da zai riƙe, 'yan kaɗan, in sabo ya shiga sai mafi tsufa ya faɗi. Na sha roƙonsa ya ƙara masa wuri.

"Don mi? Injin da ke tuna komai magulmaci ne. Nawa ba shi gulma. Abin da ya mance yana nan," sai ya buga goshinsa.

"In kai ba ka nan fa?"

"Ina za ni? Ka taɓa ganin na biya kuɗin mota?"

Bai biya ba kuwa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a lokacin da hanyoyi suka rufe saboda yaƙi, magani ya yi wuya, kafin mu san inda za mu kai shi ya cika. Mu'azu ma ya tsallaka ƙasar waje, ba a samunsa. Har yau in na buɗe ɗakin nan, wallahi ba na son zama a kujerarsa.

Duk damina na yi ta lallaɓa injin. Amma yatsun manomi ne da ni, kuma kowane rubutun da na karkace, injin yana ajiye shi a matsayin sabon layi, ya tunkuɗe na Hamidu ɗaya. Da lokacin shukar alkama ya zo, na rubuta alkama na danna kibiya. Shiru. Na yi ta komawa baya, shirmena kawai nake gani, har kibiyar ta daina motsi.

Na rufe injin, na hau jaki, na bi gida gida ina faɗa wa kowa ranar ruwansa da baki. A ƙofar ƙarshe matar Hamidu ce ta fito, don ita ke noma hawasharsa yanzu. Ta ce, "Saƙon bai zo ba bana." Na ce mata ba zai ƙara zuwa ba, na faɗa mata ranar ruwanta.

Hamidu, ka bar ni da jaki da ciwon baya, na yafe. Allah Ya sa in an zo duba naka ayyukan, alherinka ne zai fara fitowa, Ya shafe sauran. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya raya 'yarka. Amin.