Buhunan Farar Ƙasa da Tsohon da Na Zarga

A lokacin ina da shekara ashirin da biyu, kaina cike da littattafan soyayya na kasuwar Yelwa, inda kowane labari yake da jarumi da mugu. Na samu aiki a wata masana'antar tace zinare wajen Ngaski. Aikina shi ne tsoma takardar gwaji a tankuna in duba launinta, domin idan tsami ya yi yawa, sinadarin da ke narkar da zinaren yakan tashi ya zama iska mai kisa. Farar ƙasa ce ke kashe tsamin, wani tsoho da muke kira Baba kuma shi ke zuba ta. Jarumina na riga na zaɓe shi: injiniyanmu, mai farar riga da sanyin murya, wanda bai taɓa kallona sau biyu ba. Mugu kawai nake nema.

Sai na lura buhunan farar ƙasa suna ƙarewa da wuri, alhali gwajina kullum lafiya lau. Ran nan na bi ta Wara na ga bangon gidan Baba fari fat. Daga nan na sa masa ido; ko tari ya yi, sai in ga makirci. Na kai ƙara wajen injiniya, ina jin daɗin yadda ya tsaya yana saurarena. Baba ya rantse cewa dutsen sabon rami ne ke shan farar ƙasa, ya ce da hanci yake gane shi, ya kira ni 'yarsa ya roƙe ni in bincika. Na ce kowane ɓarawo da tatsuniyarsa. Aka sallame shi, aka rage farar ƙasar zuwa tsohon awo.

Kwana huɗu bayan haka, da safe, takardar ta nuna launin da ban taɓa gani ba. Ban faɗa wa kowa ba. Na raya a raina abokan Baba ne suka jiƙa mini takardun don su kunyata ni. Kafin azahar ma'aikata biyu suka zube a bakin tanki. An kai su asibiti, Allah ya yi da sauran kwana, amma ɗayan har yau hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe kofin shayi.

Inna ce ta tilasta mini zuwa neman gafara. Na tarar farin bangon na bikin 'yarsa ne, surukinsa ya shafe masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni wane launi na gani da safiyar ranar da abin ya faru, na kasa ɗaga kai.

'Yan'uwa, zargi yana da daɗi idan ya mai da ke jaruma. Ni an ba ni takarda mai faɗin gaskiya a hannuna, ita ma na zarge ta. Idan abin awonki ya saɓa wa labarin da kika tsara, ki jefar da labarin.